Gasar kasuwancin taimakon al'umma: abin da ɗaliban Garwa, Marwa da Ngaundare ya kamata su sani

Gasar kasuwancin taimakon al'umma gasa ce da ake shirya wa ɗalibai da matasa, inda kowace ƙungiya ke zaɓar wata matsala da ke damun jama'a, ta kawo hanyar magance ta da sana'ar da za ta iya riƙe kanta. Da Faransanci ana kiran wannan fanni entrepreneuriat social. Ya bambanta da aikin agaji, domin mai agaji yana rabawa ne har kuɗin mai bayarwa ya ƙare. Ya kuma bambanta da kasuwancin yau da kullum, domin a nan ba riba kaɗai ake aunawa ba, ana kuma auna yawan mutanen da rayuwarsu ta gyaru.

Irin wannan gasa ta daɗe a jami'o'in Amurka da Turai, kuma matasan kudancin Kamaru sun ci manyan kyaututtuka a cikinta. Ga jihohin Arewa, Arewa Mai Nisa da Adamawa, batun ya ƙara muhimmanci tun daga 2022, lokacin da Garwa ta samu jami'arta mai ɗauke da makarantar koyon kasuwanci.

Asalin gasar

Mafi daɗewa a cikin waɗanda suka yi suna ita ce Enactus. An kafa ta a Amurka a 1975 da sunan SIFE, aka sauya mata suna a 2012. Tsarinta shi ne ɗalibai su kafa ƙungiya a makarantarsu, su yi aiki da wata al'umma tsawon shekara, sannan su zo su bayyana abin da suka yi a gaban alƙalai, waɗanda yawancinsu shugabannin kamfanoni ne. Wanda ya ci a ƙasarsa shi ke zuwa gasar duniya. Jami'o'in Masar sun ɗauki kofin sau da dama, ciki har da Jami'ar Alƙahira a 2019. A maƙwabciya Najeriya, ƙungiyoyin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun taɓa wakiltar ƙasar.

Tunanin kansa ya ƙara samun karɓuwa ne bayan Muhammad Yunus na Bangladesh da bankinsa na Grameen, mai ba talakawa ƙananan rance, sun samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Makarantun kasuwanci ma suna koyar da cewa talaka abokin ciniki ne, ba mai jiran sadaka kaɗai ba. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, waɗanda ake taƙaitawa da ODD a Faransanci, kuma yau kusan kowace gasa tana tambayar mai shiga wane ne daga cikinsu aikinsa ya shafa.

Mafi tsokar kyauta ga ɗalibai ita ce Hult Prize. Wani ɗalibin makarantar kasuwanci ta Hult mai suna Ahmad Ashkar ne ya kawo shawarar a 2009, iyalan attajirin Suwidin Bertil Hult suka ɗauki nauyi. Ƙungiyar da ta yi nasara tana samun dala miliyan 1, wato sama da sefa miliyan 500. Ana fara tankaɗe a cikin jami'a, a wuce matakin ƙasa ko na yanki, sannan a tara waɗanda suka rage a Ashridge kusa da Landan don horo kafin zagayen ƙarshe. A 2022 ɗaliban Jami'ar St. Paul's ta Kenya suka ci da kamfaninsu EcoBana, mai yin audugar mata daga zaren itacen ayaba, don 'yan matan da ke fashin makaranta a lokacin al'ada.

Ƙofofin da ke buɗe ga ɗan Kamaru

Ban da waɗannan, akwai gasa da shirye-shiryen da ba na ɗalibai zalla ba ne, amma ɗalibi na iya shiga.

Kyautar POESAM ta kamfanin sadarwa na Orange ta fara a 2011. Ana fara gasar ƙasa, Kamaru na cikin ƙasashen da ake yi, sannan a wuce ta ƙasa da ƙasa, inda na ɗaya ke samun yuro 25,000, na biyu 15,000, na uku 10,000. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kyautar farko ta haura sefa miliyan 16. Ana neman aikin da ya dogara da fasahar zamani, kuma ana iya cika takardun da Faransanci.

Shirin gidauniyar Tony Elumelu ta Najeriya ya fara a 2015 da alkawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara 10 a kan matasa 10,000 daga ƙasashen Afirka 54. Wanda aka zaɓa yana samun horo da jarin dala 5,000, kimanin sefa miliyan 3, wanda ba bashi ba ne. Ana buɗe rajista a farkon watan Janairu ta intanet.

Kyautar Anzisha, wadda makarantar African Leadership Academy ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa tare da gidauniyar Mastercard, ta matasa ce masu shekara 15 zuwa 22 waɗanda suka riga suka fara sana'arsu. Akwai kuma Startupper de l'année na kamfanin TotalEnergies, da baje kolin GETEC wanda ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Kamaru ke shiryawa don nuna ƙirƙirar ɗalibai.

Sharuɗɗa da ranakun waɗannan gasa suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka shafin masu gasar shi ne abin dogaro, ba saƙon da ake turawa a WhatsApp ba.

'Yan Kamarun da suka riga suka ci

Sunaye uku ne aka fi ambata. Arthur Zang, wanda ya yi karatu a makarantar Polytechnique ta Yawunde, ya ƙera CardioPad, na'ura mai kama da allon kwamfuta da ke auna bugun zuciyar mara lafiya a ƙauye ta aika wa likita a birni. Ya samu lambar Rolex a 2014, da kyautar ƙirƙira ta injiniyoyin Afirka daga Birtaniya a 2016. Alain Nteff ya ci babbar kyautar Anzisha a 2014 da GiftedMom, tsarin da ke aika wa masu juna biyu saƙon waya yana tuna musu ranar awo da ranar rigakafin jarirai. Melissa Bime ta ci wannan kyautar a 2018 da Infiuss, wanda ke haɗa asibitoci da wuraren ajiyar jini.

Dukansu uku sun fara ne daga abin da suka gani da idonsu a asibiti ko a ƙauye, kafin su nemi fasahar da za ta yi maganinsa. Dukansu kuma daga kudu suka taso, kusa da manyan makarantu da cibiyoyin renon sababbin kamfanoni na Yawunde, Duwala da Buea.

Makarantun arewa

Jami'ar Ngaundare ta zama cikakkiyar jami'a a 1993. Tana da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa, da IUT, da kuma ENSAI, makarantar injiniyoyin sarrafa amfanin gona da abinci. Jami'ar Marwa an kafa ta a watan Agustan 2008, kuma tsohuwar cibiyarta ta nazarin Sahel ta koma makarantar Polytechnique a 2017, inda ake koyar da harkar noma, ruwa da makamashin rana. Jami'ar Garwa ita ce auta: dokar shugaban ƙasa ta 5 ga Janairun 2022 ce ta kafa ta tare da na Bertoua da Ebolowa. Tana da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa, da ta likitanci, da ta shari'a, da kuma ESSEC, babbar makarantar kasuwanci irin wadda aka sani a Duwala.

Wannan rabe-raben yana da amfani ga mai son shiga gasa. Ɗalibin kasuwanci ya iya lissafin kuɗi da neman kasuwa, amma bai san yadda ake busar da tumatir ya daɗe bai lalace ba. Ɗalibin ENSAI ya san wannan, amma sau da yawa bai taɓa tambayar kansa nawa mai saye zai iya biya ba. Ƙungiyar da ta haɗa su biyun, ta ƙara da wanda ya tashi a cikin sana'ar, ita ce ke jure wa tambayoyin alƙalai.

Hukuma ma ta karkata ga wannan hanya. Dokar ilimi mai zurfi ta 25 ga Yulin 2023 ta ɗora wa jami'o'i aikin koyar da kafa sana'a, kuma akwai matsayin étudiant-entrepreneur da ake ba ɗalibin da ke son haɗa karatu da kafa kamfani.

Matsalolin da ke jiran mafita

Binciken ECAM 4 na hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna cewa a 2014 kashi 37.5 cikin ɗari na 'yan Kamaru na cikin talauci, amma a Arewa Mai Nisa adadin ya kai 74.3, a Arewa 67.9, a Adamawa 47.1. Wannan yana nufin abu biyu ga mai kafa sana'a: buƙata tana da yawa, amma aljihun mai saye ƙarami ne. Kayan da zai karɓu dole ya zama mai araha, ko wanda za a biya kaɗan-kaɗan.

Albasa misali ce da kowa ya sani. Manoman kewayen Marwa da Garwa suna cire ta lokaci guda a cikin rani, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Bayan 'yan watanni buhu ya yi tsada, amma wanda ya ajiye a ɗakin da iska ba ta ratsawa ya tarar rabi ya ruɓe. Rumbu mai iska da manoma za su yi haya, haɗe da rancen da ake bayarwa a kan kayan da aka ajiye, wanda ake kira warrantage kuma ya daɗe yana aiki a Nijar, sana'a ce da ke da mai biya a fili.

Makamashin girki wata matsalar ce. Itace da gawayi suna ƙara tsada, daji yana ja da baya. A sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, ana sarrafa ɓawon gyaɗa da ragowar amfanin gona a mayar da su gawayi. Kayan yin irin wannan gawayi suna nan birjik a wasu wuraren: karan auduga a yankunan da SODECOTON ke aiki tun 1974, da ƙaiƙayin shinkafa a Yagwa da Maga inda SEMRY take.

Wutar lantarkin jihohin uku ta dogara ne da madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwa ya ja, wuta na ɗaukewa, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. Mai sayar da madara a Ngaundare, da mai kifi a Lagdo, da mai ƙanƙara a Garwa duk suna asara a irin wannan lokaci. Ga kuma ambaliyar da ta ɓarnata gidaje da gonaki a 2012 da 2024, ga fatar Marwa da kilishi da man darbejiya da ke neman kasuwa mai nisa, ga 'yan matan da ke barin makaranta da wuri.

Abin da alƙalai ke dubawa

Yawancin gasa suna neman takardar tsarin kasuwanci, wato plan d'affaires, da ɗan gajeren bidiyo, sannan jawabi na 'yan mintuna a gaban alƙalai da amsa tambayoyi. Tambayoyin ba sa sauyawa sosai.

Ta farko, wa matsalar ke damu, kuma mutum nawa aka zauna da su? Ƙungiyar da ta kwana uku a kasuwar albasa tana magana da manoma da dillalai ta fi wadda ta kwaso alƙaluma daga intanet. Ta biyu, wa zai biya, nawa, kuma an taɓa sayarwa ko da sau ɗaya? Ta uku, nawa ake kashewa a kan kowane buhu ko kowace kwalba, nawa ke saura? Ta huɗu, da me za a gane cewa rayuwar mutane ta gyaru: yawan buhunan da aka tsirar, kuɗin da ya ƙaru a hannun manomi, ko kwanakin makaranta da yarinya ba ta rasa ba? Ta biyar, idan ba a ci kyautar ba, aikin zai ci gaba?

Tambaya ta ƙarshe ita ce ke kayar da ƙungiyoyi da yawa, domin wasu an kafa su ne don gasar kawai.

Cikas ga ɗalibin arewa

Na farko nisa ne. Zagayen ƙarshe na ƙasa yakan kasance a Yawunde ko Duwala. Daga Garwa sai an yi tafiyar kusan kilomita 275 a mota zuwa Ngaundare, sannan a kwana a jirgin ƙasa. Ɗalibin Marwa tafiyarsa ta fi haka. Kafin a shiga, ya kamata a tambayi wanda zai biya kuɗin mota da masauki.

Na biyu harshe ne. Hult Prize da Ingilishi ake yin ta, ɗalibin arewa kuwa da Faransanci ya yi karatu. Sai dai a wajen aiki da jama'a shi ke da rinjaye, domin yana jin Fulatanci da Hausa, wani ma har da Larabcin Shuwa, Mafa, Tupuri ko Mundang. Hausa kuma tana buɗe masa kasuwannin Yola, Mubi, Maiduguri da Kano, kamar yadda Fulatanci da Larabci ke buɗe masa na Cadi.

Na uku intanet da wuta. Rajista, horo da aika bidiyo duk ta intanet ake yi, kuma shafin kan rufe a kan sa'ar da aka ajiye. Wanda ya jira ranar ƙarshe yana iya tashi a tutar babu saboda ɗaukewar wuta.

Na huɗu ya shafi ɗalibai mata. Tafiyar kwanaki zuwa kudu ko ƙetare tana buƙatar yardar iyaye ko miji. Wasiƙar hukumar makaranta da rakiyar malama sukan sauƙaƙa wannan, idan aka nemi su da wuri. POESAM tana da kyauta ta musamman ga mata.

Bayan an ci kyauta

Kyauta jari ce ta farawa, ba tabbacin nasara ba. A 2013 ɗaliban kasuwanci na Jami'ar McGill ta Kanada suka ci dala miliyan 1 ta Hult Prize da shirin kiwon ƙwarin da ake ci. Kamfaninsu, Aspire, ya yi aiki a Gana, daga baya ya gina katafariyar masana'antar kiwon gyare a Kanada, amma a 2025 bashi ya sa kotu ta damƙa shi a hannun masu kula da kadarorin da ake bi bashi. Idan haka ta faru da mai dala miliyan, mai sefa miliyan 3 sai ya ƙara kula.

Matakin farko shi ne rajista. Akwai cibiyar CFCE a Garwa, inda ake haɗa takardun kafa kamfani a wuri ɗaya, kuma ƙa'idarta sa'a 72 ce. Tun bayan dokar Disambar 2016, jarin kafa SARL ya sauko zuwa sefa 100,000. Idan manoma ko mata masu sana'a ne za su mallaki aikin, ƙungiyar gama-kai ta fi dacewa, bisa dokar OHADA ta 15 ga Disambar 2010. Dokar 25 ga Afrilun 2019 kuma ta tsara fannin tattalin arzikin al'umma a ƙarƙashin ma'aikatar MINPMEESA. Kayan ci da sha suna buƙatar bin ƙa'idojin hukumar ANOR, sannan suna ko ƙirƙira ana kare su a OAPI, wadda hedikwatarta ke Yawunde kuma rajistarta ke aiki a ƙasashe 17.

Mataki na biyu yarjejeniya ce a rubuce tsakanin 'yan ƙungiya: kason kowa, aikin kowa, da abin da zai faru idan ɗaya ya samu aikin gwamnati ko ya tafi karatu waje. An fi samun sauƙin rubuta ta kafin kuɗi su shigo.

Mataki na uku shi ne sanin irin kuɗin da aka samu. Wani kyauta ce zalla, wani rance ne mai ruwa, wani kuma masu bayarwa ne ke karɓar kaso a kamfanin. Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini, wannan tambaya ce da ake yi kafin sa hannu. Shirye-shiryen gwamnati irin su PTS-Jeunes, wanda aka sanar a watan Fabrairun 2016 da sefa biliyan 102, da Asusun Samar da Aiki na FNE, kowanne da nasa sharuɗɗan biya.

Abubuwan lura

Hult Prize, POESAM, Anzisha da shirin Tony Elumelu ba sa karɓar kuɗin rajista. Duk wanda ya nemi a tura masa kuɗi ta waya don ya saka suna a jerin waɗanda aka zaɓa, ɗan damfara ne.

Akwai kuma haƙƙin jama'ar da aka yi aikin da sunansu. Ƙauyawa da yawa sun saba ganin baƙi sun zo da takardun tambayoyi, sun ɗauki hotuna, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Neman izinin lawan ko jauro kafin a shiga gari, neman yardar mutum kafin a ɗauki hotonsa, da komawa a faɗa wa mutane sakamakon gasar ko an ci ko ba a ci ba, su ne ke sa a buɗe wa ƙungiya ta gaba ƙofa.

Wasu malaman tattalin arziki suna sukar waɗannan gasa da cewa sun fi saka wa mai iya magana fiye da mai iya aiki, kuma suna ɗora wa matasa nauyin da na hukuma ne, kamar ruwan sha, hanya da asibiti. Masu goyon baya suna cewa ko wanda bai ci ba yana fita da abin da aji bai ba shi: ya iya lissafin kayansa, ya iya tsayawa gaban masu kuɗi, ya kuma san mutane.

A arewacin Kamaru, koyon kasuwanci ya girmi jami'a. Yaron shago yakan yi shekaru a hannun maigidansa kafin a sallame shi da jari, mata suna tara jarinsu ta adashe, kuma fatake sun daɗe suna bin hanyar Binuwai. Abin da gasa ta ƙara shi ne rubuta lissafi, auna amfanin da jama'a suka samu, da hanyar kaiwa ga masu jari na nesa. Ɗalibin da ya fara sayar da kayansa a babbar kasuwar Garwa kafin ya cika takardar gasa yana zuwa gaban alƙalai da littafin ciniki a hannu, kuma idan bai ci ba, yana da shagon da zai koma.